Tambayi Anti: Kisan da aka binne shekaru, da marubutan dake mana wayo a shafin karshe

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haduwa daga nan Bauchi. Wannan watan sakonnin da suka shigo kusan duk hanya daya suka dauka, labaran bincike, irin wanda za'a kashe mutum ko ya bace a rasa wanda yayi, sai bayan shekaru wani mai naci ya tono. Na zabo guda shida na dan rage musu tsawo, sunaye kuma kamar kullum na cire. Masu tambayar girki da rikicin dangin miji kuyi hakuri sai wata mai zuwa.

Tambaya daga wata budurwa a Jekadafari, Gombe:

Slm Anti ya aiki ya sanyi. Dan Allah korafi ne dani. Ni kam na gaji da littafan soyayya, kullum dan mai kudi da 'yar talaka, shine na koma na bincike a waya. Akwai wani da na dade ina bi, an kashe wani Alhaji a dakinshi shekara 15 da suka wuce, kowa ana zarginshi, uwargida, amarya, direba har mai gadi. Anti wlh sai a shafin karshe marubuciyar tace wai ashe Alhajin tagwaye ne, an sace dan'uwan tun suna jarirai shine ya dawo ya kashe shi, mutumin da ko sau daya ba'a ambata ba. A guruf kowa sai yabo yake wai ba wanda ya zata. Ni kuma ji nayi an raina min hankali. Nice ban gane ba ko kuwa?

Amsa:

'Yata kin gane sarai, kuma rainin hankalin da kika ji shi din aka miki. Ai ba wanda ya zata ba abin yabo bane, in dai hakane nima yanzu sai in cika shafi dari uku in ce a karshe mai tallan kosai ce da ta wuce ta kofar gidan tayi kisan, waye zai zata? Abinda ake nema shine karshen ya zo miki bazata ki dafe kirji, amma kina ajiye wayar kice kai, ai kuwa tun farko an nuna min, nice ban kula ba. In babu wannan na biyun toh marubuci bai yi aikin komai ba, tserewa kawai yayi.

Kuma ba yau aka fara wannan rigimar ba. A 1929 wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, wanda shima yana rubuta irin labaran, ya zauna ya jera dokoki goma da yake ganin duk marubucin kirki zai kiyaye. A ciki yace dole mai laifin ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, yace banda aljanu da tsafi wajen warware magana, banda gubar da duniya bata santa ba, mai binciken kar ya gano gaskiya ta hanyar dace ko yace jikina ne ya bani, kuma duk alamar da ya tsinta sai ya nunawa mai karatu ita. Tagwaye ma yayi maganarsu, yace ba'a yarda ba sai in an riga an shirya mai karatu. Kinga marubuciyarki ta taka guda biyu a tashi daya. Dokokin ba wahayi bane, manyan marubuta suna wasa dasu yadda suke so, Agatha Christie tana da wani littafi na 1926, The Murder of Roger Ackroyd, wanda har yau ana musu ko ha'inci tayi, amma in kika koma kika sake karantawa zaki ga bata miki karya ba, ta dai fadi magana ta barki kika yiwa kanki fassara. Wannan kuma halas ne a wajena.

Bari in baki misalin alama mai kyau. A wani gajeren labarin mai bincike Sherlock Holmes na 1892 an fitar da dokin sukuwa daga barga cikin dare, an kuma tsinci gawar mai horar dashi. Akwai kare a bargar, kuma marubucin ya fada miki yaran dake kwana a sama basu farka ba. Kowa ya karanta ya wuce. Sai Holmes yace abin lura shine karen bai yi haushi ba, kenan wanda ya shigo dan gida ne. Ba'a boye miki komai ba, karen yana nan a shafin tun dazu, ke ce hankalinki ya tafi kan bakon da aka gani da yamma. Ki gwada wannan da kowane littafi, in kin gama ki koma babi uku na farko, in kin ga sawun mai laifin toh ki yaba, in babu ki fita guruf din ki huta da datarki.

Tambaya daga wani malamin sakandare a Azare:

Anti barka da warhaka. Ina koyar da Turanci kuma ina son karatu, amma na bincike ban taba maida hankali akansu ba sai 'yan James Hadley Chase da muka karanta muna samari. Naji ana yabon wadanda ake tono tsohon kes. Ni abinda ban gane ba, kisan da akayi shekara ashirin, jini ya bushe, shaidu sun tsufa, meye abin dadi a ciki? Ai sabo yafi zafi. Kuma da wanne zan fara?

Amsa:

Malam sabo yafi zafi, gaskiyarka, amma tsoho yafi nauyi. Su Chase da kuka karanta gudu ne da bindiga da mota, yawanci ma kasan barawon tun shafin farko kana binshi ne kaga inda zai fada. Tsohon kes kuwa an kwacewa mai binciken komai, babu gawa babu wuka babu sawu a kasa, abinda ya rage kawai bakin mutane, su kuma mutane kowa da yadda ya gyarawa kanshi labarin dan ya iya barci. Wani ya manta da gaske, wani yana kare dan'uwanshi, wata ta fadi karyar sau dubu har ta zama gaskiya a wajenta. Kuma shekarun sunyi aikinsu, yaron da aka kora daki ranar yanzu magidanci ne, wanda ake tsoro ya mutu ko ya talauce, matar da tayi shiru dan aurenta yanzu auren ya kare. Dadin kenan, kana kallon mutum sau biyu, yadda yake a da da yadda abin ya maida shi.

Ka fara da Five Little Pigs na Agatha Christie, ya fito a 1942, Turancinshi ba mai wuya bane har 'yan ajin karshe zaka iya bawa. Wani mai zanen hoto ne aka sawa guba a abin sha, kotu ta daure matarshi, kuma kowa ya yarda ita ce tunda mijin ya kawo wata yarinya gidan yana zanata, yarinyar kuma ta fito fili tace aurenta zai yi. Kaga ko a Azare akayi wannan ba wanda zai tsaya dogon tunani, kishi ne kawai za'a ce. Matar ta mutu a gidan yari amma ta barwa 'yarta wasika tace bani nayi ba. Bayan shekara 16 'yar ta girma zata yi aure, bata so ta shiga gidan miji da sunan 'yar mai kisa, sai ta dauko mai bincike Poirot. Mutum biyar ne suke gidan ranar, aboki da wansa, yarinyar da ake zanawa, malamar dake kula da karatun yara, da kanwar matar. Poirot ya bisu daya bayan daya sannan yasa kowa ya rubuta abinda ya tuna. Kenan rana daya zaka karanta sau biyar daga baki biyar, wannan yaji wata magana ta taga ya fassarata haka, wancan yaji ita din dai ya fassarata daban, kuma gaskiyar tana cikin inda suka saba din. Ba zan kara ba kar in bata maka. Abinda zan ce kawai, a cikin littafanta da na karanta wannan ne ya barni da tausayi maimakon murnar an kama mai laifi.

In ka gama kuma kana son wanda yafi haka tsufa, akwai The Daughter of Time na Josephine Tey, 1951. Dan sanda ne ya karye yana kwance a asibiti, zaman banza ya ishe shi, sai ya dauko maganar 'ya'yan sarki biyu da suka bace a Landan a 1483 wadanda tarihi ya dorawa baffansu Sarki Richard na uku. Daga kan gado yake binciken da tsoffin takardu, yana tambayar waye ya rubuta wannan tarihin kuma a zamanin wane sarki yake cin abinci. Malamin makaranta zai so shi, amma yana da jan kafa, ba na daren da kake jin barci bane.

Tambaya daga wani dattijo a unguwar Jahun, Bauchi:

Hajiya ina miki fatan alheri. Jikata ce take karanta min shafinki. Ni damuwata yaran nan sun koma karanta labarin kisa dare da rana, abin Turawa ne da bamu gada ba, ina tsoron kar ya koya musu mugunta ko ya sa su rika zargin mutane. Meye amfaninshi?

Amsa:

Baba ina gaisuwa, Allah ya kara lafiya da nisan kwana, a gaida jikar taka mai karatu. Tsoronka yana da tushe, akwai littafan da ba bincike bane a cikinsu sai kwatanta yanka da fyade dalla dalla dan a tada hankali, wadannan nima bana son ganinsu a hannun yara. Amma maganar bamu gada ba, Baba ka yafe min, anan zan dan tsaya.

A cikin Suratu Yusuf da aka rasa mai gaskiya tsakaninshi da matar Aziz, mai shaida daga danginta cewa yayi a duba rigar, in ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya ce shi ne. Hujja aka nema a jikin tufa. Haka hadisin mata biyu da kerkeci ya dauke dan daya suka zo suna jayayya akan wanda ya rage, Annabi Sulaimanu yace a kawo wuka a raba musu, karamar tace a'a a barwa babbar, da haka ya gane uwar. Malamanmu sun cika littafai da labaran alkalai masu firasa irin su Iyasu dan Mu'awiya. Turawa sai a 1841 Edgar Allan Poe ya rubuta wanda suke lissafawa a matsayin na farkonsu.

Kuma nasan ka san Dare Dubu da Daya. Akwai labarin tuffa uku a ciki. Masunci ya jawo akwati daga kogin Dajla, Halifa Haruna Rashid yasa aka bude sai ga gawar wata mata, ya bawa waziri Ja'afar kwana uku ya kawo wanda yayi ko a rataye shi. Ana shirin ratayewar sai ga mutum biyu kowa yana cewa nine, saurayi da tsoho. Saurayin mijinta ne, tana jinya tace tuffa take so yaje har Basra ya samo guda uku, daga baya ya ga daya a hannun wani bawa a kasuwa, bawan yace budurwarshi ce ta bashi, ya dawo gida ya kirga ya ga saura biyu ya kasheta. Bayan ya jefar da gawar sai ya tarar da danshi yana kuka, ashe yaron ne ya dauki tuffar bawan ya fizge a hanya. Aka sake bawa Ja'afar kwana uku ya nemo bawan, ya kasa, yana bankwana da iyalinshi ya rungumi autarshi sai yaji abu a aljihunta, tuffar ce, bawan gidanshi ne ya sayar mata. Baba wannan labarin me yake koyawa yaro in ba illar yanke hukunci da zato ba? Mai kyau a cikin littafan nan haka yake, wanda kowa ya nuna da yatsa yawanci ba shi bane, yaro yana karantawa yana koyon cewa biri yayi kama da mutum bai isa hujja ba. A Hausa ma tun 1982 muna da Karshen Alewa Kasa da Turmin Danya masu maganar miyagu da 'yan fasa kwauri, sai dai su ba boye mai laifi suke ba, rayuwarshi suke bi. Shawarata ka sa jikar ta rika karanta maka wanda take karantawa, babi daya ya isa ka gane irinshi.

Tambaya daga wani dalibi a Yelwa, Bauchi:

Anti gsky ni ina ganin duk tatsuniya ce. A zahiri akwai kes din da ya kwana shekara talatin aka gano? Musamman a kasar nan.

Amsa:

Kanena akwai, kuma wasu sunfi na littafin ban mamaki. A Kalifoniya ta Amurka akwai wani da ya addabi mutane da fyade da kisa daga shekarun 1970 har 1986, sannan yayi tsit. Sai a watan Afrilu 2018 aka kama shi, Joseph DeAngelo, yana da shekara 72, kuma tsohon dan sanda ne. Yadda akayi, an ajiye samfurin DNA dinshi, wato kwayar halittar da mutum ke gada daga iyaye, tun daga wuraren da yayi ta'asar, masu bincike suka dora shi a wani shafin intanet da mutane ke neman danginsu, suka samo 'yan uwanshi na nesa, suka yi ta hada bishiyar zuri'a suna cire wanda shekarunshi ko garinshi bai dace ba har ya rage shi. A 2020 ya amsa kisan mutum 13 aka mishi daurin rai da rai.

Amma wanda nafi so in baka shine na farkon farko. A 1984 Alec Jeffreys a jami'ar Leicester ta Ingila ya gano yadda ake bambance mutum da DNA. A yankin an kashe 'yan mata biyu masu shekara 15, daya a 1983 daya a 1986, 'yan sanda suna rike da wani yaro da har ya amsa laifin guda daya, gwajin ya nuna ba shi bane, kaga aikin farko da abin yayi a binciken kisa wanke mutum ne. Sai aka dibi jinin maza wajen 5,000 a kauyukan, ba'a samu ba, saboda mai laifin, Colin Pitchfork, ma'aikacin gidan burodi, ya lallabi abokin aikinshi yaje ya bada jini da sunanshi. Me ya tona? Abokin ne ya saki baki a wajen shan giya wata taji ta kai rahoto. An yanke mishi hukunci a 1988. Duk kimiyyar nan sai da aka jira bakin mutum.

A gida kuwa maganar ba dadi. An kashe Dele Giwa editan mujallar Newswatch da bam a cikin wasika a gidanshi na Ikeja ranar 19 ga Oktoba 1986, har yau ba wanda aka hukunta. An harbe Bola Ige yana ministan shari'a na kasa baki daya a gidanshi na Ibadan ranar 23 ga Disamba 2001, an gurfanar da wasu kotu ta sallame su, shikenan. In na wadannan ya kwanta ina ga na talaka a kauye. Dalilan kuma ba boyayyu bane, kafin dan sanda ya iso jama'a sun cika dakin an taba komai an wanke jini, gawa an sallaceta kafin la'asar, dangi basa son a yanka mamaci dan bincike, fayil takarda ce a kabad, wanda ya rike kes din an mishi canjin wajen aiki. Na Amurka ya yiwu ne dan wani ya adana abu shekara talatin bai bata ba. Shi yasa in ka ga marubucin Hausa ya kawo dakin gwaje gwaje a karamar hukuma ana danna kwamfuta hoton mai laifi yana fitowa, fim ya kalla.

Tambaya daga wata matar aure a Misau:

Anti ki raba mu da maigidana. Duk littafin da na dauko sai ya karba ya bude shafin karshe ya karanta, sannan ya zauna yana min murmushi yana cewa hmm wannan direban ki kula dashi. Wai shi bai ga amfanin wahalar da kai ba.

Amsa:

Kanwata wannan zalunci ne a cikin gida kuma ki fada mishi Anti ce tace. A Landan akwai wasan dabe na Agatha Christie, The Mousetrap, tun 1952 ake yinshi, korona ce kawai ta taba tsayar dashi, kuma kowane dare in an gama sai dan wasa ya fito ya roki 'yan kallo kar su fadawa kowa karshen. Mutane sun rike wannan amanar shekara saba'in da wani abu, shi ya kasa rike ta daga falo zuwa daki. Amma akwai masu karatu irinshi da gaske, sunfi jin dadi in sun san karshen suna kallon yadda marubuci yake boye sawu, wannan ba laifi bane in ya tsaya a kanshi. Ki bari ranar da yake kallon maimaicin kwallon da bai samu gani ba, ki leka waya ki zo ki zauna kusa dashi kice hmm wannan golan ka kula dashi. Sau daya ya isa.

Tambaya daga wata mai son rubutu a Kumo:

Anti ina so in rubuta labarin tsohon kisa da ya faru a garinmu ko Gombe, kirkirarre ba na gaske ba. Matsalata bamu da su gwajin jini da kyamara, kuma mu in anyi mutuwa cewa ake an barwa Allah. Ta ina mai bincike zai fara? Ko in maida labarin Abuja?

Amsa:

Kul kika kai shi Abuja. Abinda kike gani matsala shine jarinki. Wannan an barwa Allah din da kika fada, wani lokacin tawakkali ne na gaskiya, wani lokacin kuma murfi ne, an san wanda yayi amma dan baffa ne, ko mijin yaya, ko wanda yake ciyar da gidan, in aka tona zumunci ya watse aure uku ya mutu. Kenan a labarinki ba mutum daya ne yake boye abu ba, gida ne guda, kuma kowa da dalilinshi mai kama hankali. Baturen marubuci sai ya sha wahala kafin ya samu irin wannan shirun, ke kuma a tsakar gida kika tashi kika ganshi.

Fara da tambayar me yasa sai yanzu. Mu abinda ke tada tsohuwar magana sananne ne, rabon gado, ko binciken aure in dangin miji suka fara tambayar asali wata tsohuwa tace ai gidan nan akwai magana, ko mai jinya da yaga tafiya ta zo ya fara kiran mutane yana neman gafara akan abinda bai fada ba. Sannan mai bincikenki ba dole ya zama dan sanda ba, dan sanda ma iyakarshi zaure. Ki duba dillaliya, tana shiga kowane gida har kuryar daki, ta san wacce ta sayar da sarkarta a boye da watan da ta sayar, ta san wacce ta biya bashi kwatsam. Ko tsohon magatakardan kotu da yayi ritaya, ko malamar asibiti. Kuma shaidar da tafi kowa a wajena ita ce matar da ta wanke gawar, ta ga tabo a wuya, amma an koya mata abinda aka gani a wajen wanka ba'a fada, ta rike shekara ashirin yana cinta. Ki bata babi guda ita kadai.

Alamomi kuwa tarihinmu cike yake dasu in kin san kwanan wata. An cire jihar Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, toh a ce an kawo takardar sayen fili mai kwanan watan 1993 amma a samanta an rubuta jihar Gombe, ki nuna takardar tun babi na biyu a rikicin gado ki wuce kamar ba komai, mai karatu dan Gombe zai ciji yatsa in ya gane. Takardar naira 1,000 sai a Oktoba 2005 ta fito, shaidan da ya rantse an bashi 'yan dubu dubu sababbi a 2003 ko karya yake ko ya hada rana biyu, kuma kowanne a ciki labari ne. Wayar salula ta GSM sai 2001 ta shigo kasar, wanda yace ya kira shi a salula daren a 1998 a kauye sai a tambaye shi da wacce. Ga hoton situdiyo mai kwanan wata a baya, ga kaset din da ake aikawa 'yan uwa a Saudiyya, ga littafin bashin mai shago. Ki tabbatar da kowane kwanan wata kafin ki sa, masu karatu akwai 'yan bin diddigi.

Sai karshe. Kar ki tsaya akan waye kawai, mutum shida ne a gidan dole wani a guruf zai canka, kuma anan ne marubutanmu masu sakin shafi kullum suke fadawa rami, da sun ga an canka sai su canza mai laifin a tsakiyar tafiya, daga nan tagwaye suke fitowa. In an canka a canka, ki ajiye bazatarki a wani wajen, waye ya sani yayi shiru, dan wa akayi, ko ace wanda aka dade ana tsinewa ya dauki laifin ne dan ya rufe wani. Kuma ki tuna a wajenmu gano mai laifi ba shine karshen magana ba, akwai magada, akwai zancen kisasi ko diyya ko yafiya, akwai 'ya'yan da suka tashi suna kiran mutumin Baba. Zaman da za'a yi a falon babban wa bayan gaskiya ta fito zai iya fin kamun kanshi zafi, kar ki gaggauta shi a shafi daya. Ki rubuta babin karshen ki gama kafin ki saki na farko, sunan gari da unguwa ki sa na gaske amma gidan da mutanen ki kirkira yadda ba wanda zai ce da su kike. In kin hada babi uku ki turo min ta adireshin mujalla in duba miki, amma kar ki fada min waye.